Matakalar Eleodoro

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso.
Jiragen ruwa sun lafa a tasha,
karnukan tudu ma sun gaji da haushi.
Fresia ce kaɗai ba ta runtsa ba,
shayinta ya huce tun layi na arba'in da ɗaya.

Allo ya sake gaya mata da jan rubutu:
manunin nan da wancan ba su jitu ba.
Ta goge tauraro, ta mayar,
ta ƙara wani a gabansa, ko a dace.
Kuskure ɗaya ya haifi bakwai.

Sai ta ce bari ta yi masa dole.
Ta ƙaƙaba wa char rigar int,
jan rubutu ya ɓace, har ta fara murmushi.
Shirin ya tashi, ya yi taku uku,
ya faɗi warwas.
An rufe bakin ƙurji, mugunya tana ciki.

Tarin mahaifinta ta ji a bakin ƙofa.
Eleodoro, shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu,
tudun garin nan sun cinye masa gwiwoyi.
Bai san C ba, bai damu ya sani ba.
Ya ce, me ya hana ki barci?

Ta ce, Baba, manuni adireshi ne kawai,
ba gidan ba ne, lambar ƙofa ce.
Na ba shi lamba daidai, yana ɓata.

Ya zauna da ƙyar, yana murza gwiwa.
Lamba ba ta kai mutum gida, in ji shi.
Matakalar bayan coci gajera ce,
ta wajen kasuwar kifi, taku ɗaya huɗu ne.
Ka hau wannan da ƙafar waccan,
sai dai ka ƙwanƙwasa wa wanda bai san ka ba,
ko a tsinto ka a kwazazzabo.

Ta yi shiru.
Ta koma can sama, inda ta sa wa aikin suna.
Char tafiyar kura yake, ɗaya bayan ɗaya,
ita kuwa ta sa shi tsallen huɗu-huɗu.
Ta cire rigar aro,
ta kira kowa da sunan da aka raɗa masa.

Allo bai ce komai ba.
Ba ta taɓa jin shiru mai daɗi haka ba.

Ta juyo ta gaya masa,
har ya yi barci a kujera, baki a buɗe.
Ta lulluɓe shi da bargonta.
Akwai wani gargaɗi a layi na casa'in,
rawaya, ƙarami.
Wannan sai gari ya waye.