Wake a Aljihu

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran tayil a Porto,
shuɗi bisa fari, bangon majami'u da tsofaffin gidaje.
Hannuna ya san tsagar da ido bai gani ba.
Amma in an zauna taron Litinin
sai bakina ya zama tulu mai murfi.

"Ku yi haƙuri," da shi nake farawa,
ban taka kowa ba, ban zubar da kofin kowa ba.
"Ku yi haƙuri, wataƙila ni ce ban gane ba."
Kafin in kai gaɓar zancen
Duarte ya sure shi kamar shirwa da ɗan tsako,
ya maimaita da murya mai kauri.
Aka tafa masa.
Ni ma na tafa.

A cikin durowata wasiƙu bakwai ne,
duk zuwa ga Anselmo, mai ma'aikata,
duk neman kujerar shugabar sashe.
Ta farko, waƙafi ɗaya bai zauna daidai ba.
Ta uku, na ce sai sanyi ya wuce.
Ta biyar, na ce ni wace ce da zan nema?
Gobe, gobe.
Gobe ta haɗiye shekara bakwai, ko gyatsa ba ta yi ba.

Ranar da Dona Hermínia za ta ajiye aiki
ta zo neman almakashi, ta ja durowar,
ta tarar takardun sun yi ja kamar haƙoran mai taba.
Ba ta yi mini faɗa ba.
Ta ce, "Eulália, ɓarawon gidan nan da makulli yake shiga,
kuma ke kika yanko masa."
Ta damƙa mini busasshen wake, cikin tafi ɗaya.
"Zuba a aljihun dama.
Duk sanda kika ba da haƙurin laifin da ba ki yi ba,
mayar da ƙwaya ɗaya hagu."

Ranar farko, ashirin da uku.
Na ba direban bas haƙuri.
Na ba ƙofa haƙuri, ita da ta buge ni.
Na gangara Ribeira a karkace, hagu ta rinjaye ni,
na zauna bakin Douro na ƙirga, na sake ƙirgawa,
tsuntsayen teku suna ta shewa a kaina.

Mako na uku, tara.
Da mahaifiyata ta kwanta asibiti, na koma sha shida,
na kusa watsa waken a kogi.
An ce hali zanen dutse ne.
To, ni kuwa abincina ke nan:
in zauna gaban tsohon zane da ƙaramar wuƙa,
in kankare dattin shekara ɗari
faɗin farce ɗaya a yini.

Wata Litinin ana ruwa,
ina bayanin bangon wata majami'a da gishiri ke ci,
na ga Duarte ya buɗe baki.
Gwiwata tana rawa a ƙarƙashin tebur,
na ce, "Ban gama ba."
Kalma uku.
Rufin bai faɗo ba.
Anselmo ya cire tabarau, ya dube ni
kamar yau aka ɗauke ni aiki.

Wasiƙa ta takwas na rubuta ta a tsaye,
na kai da hannuna kafin zuciya ta yi mini wayo.
Akwai waƙafin da ya karkace a layi na huɗu.
Yana nan.

Amsa ba ta zo ba tukuna.
Jiya ƙwaya biyu ce kawai a hagu,
ɗaya ma halaliya ce, na taka ƙafar wani a kasuwar Bolhão.
Sauran waken na jiƙa da dare,
na dafa da kabeji da tafarnuwa,
na ci, na ƙoshi,
ban ba tukunya haƙuri ba.