Kabejin Fadama

A Florida, can bayan gari inda kwalta ke ƙarewa
ƙasa ta soma tsattsafo da ruwa,
nan kakata Ozella ta yi shekara saba'in da uku
a gidan katako mai ƙofar raga,
ragar da ba ta taɓa hana sauro ko ɗaya shiga ba.

Kabejin fadama take ce masa,
alhali ko kusa bai haɗa dangi da kabeji ba.
Zuciyar giginya ce, irin tamu ta wajen nan
mai tsayawa cikin laka ba ta ƙorafi.

Kawu Purvis ne mai gatari.
Yakan fita da sassafe, takalmin roba har gwiwa,
ya dawo da gungume a kafaɗa
kamar wanda ya ɗauko yaron da barci ya sace a coci.
A bakin baranda ake tuɓe shi,
ɓawo bayan ɓawo,
abu ya yi ta ƙanƙancewa
har gungumen da ya sa ƙato nishi
ya koma bai fi damtsena ba,
fari tas, mai sanyi a tafin hannu.

Wuƙa kuwa tata ce.
Ta yanka, ta ɗanɗana, ta tofar.
Ta ƙara yankawa, ta tofar.
Sai harshenta ya iso inda ɗaci ya tsaya
ta ce, "To, daga nan abinci ya fara."
Sauran da babban yatsa take ɓallawa cikin ruwan sanyi,
don in ya sha iska sai ya rine
kamar wanda aka faɗa wa baƙar magana.

Kitsen kyafaffen nama, gishiri, masoro,
ruwa kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa.
Burodin masara na tashi a kasko,
tarwaɗa na tsalle cikin mai,
mu kuma muna zagaye murhu kamar kaji
tana kora mu da gefen zanin goge hannu.

Ina 'yar shekara takwas na tambaye ta
yaushe bishiyar za ta sake toho.
Ba ta ɗago kai daga tukunya ba.
"Ba ta sakewa. Guda ɗaya gare ta, kamar ke."
Shi ya sa biyu kacal muke sara a shekara,
kuma ko cokali ɗaya ba ya kwana a faranti.

Sai kamfani ya sayi fadamar.
Ranar wata Talata katafila ta shigo,
Kawu ya bi bayanta da gatari, gumi har cikin takalmi,
ya kwaso zuciya arba'in da ɗaya kafin rana ta faɗi.
Kwana uku tana girki.
Ta aro tukwane, ta ɗora har da bahon wanki.
Lurleen mai gonar lemu ta zo da jikokinta,
fasto ya zo, direban katafilar ma ya zo
ya ci kwano biyu yana sunkuyar da kai.
Kowa ya ci har ya sassauta bel.

Ita ba ta ci ba.
Ta ja kujera bakin baranda
tana kallon inda sama ta sauko har ƙasa
don babu sauran abin da ke tokare ta.

Yanzu gidaje ne a wurin, fenti iri ɗaya,
da titi da aka raɗa wa sunan giginya.
Ni kuwa ina hawa na uku a Jacksonville.
Jiya na sayo shi cikin gwangwani,
daga wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba,
an yanka shi daidai wa daida, yana iyo a ruwan gishiri.
Na ɗauki wuƙa, na yanki bakin, na sa a harshe
ina neman inda ɗaci ya tsaya.
Babu ɗacin.
Na daɗe tsaye gaban famfo,
sannan na tofar.