Buta Mai Bango Biyu

Uku na fasa, dukansu na gilashi.
Ta farko ta suɓuce min a bakin famfo,
ta biyu gwiwar hannu ce ta ture ta,
ta uku kuwa ba ni da uzuri:
hannun ya yi rawarsa, ni ina kallo.

Sai Ragnfrid ta aiko da wannan daga Bergen,
ta ƙarfe, bango biyu kamar fulas,
da 'yar takarda a cikin murfi:
Baba, in ka fasa wannan
ka kira ni, in zo in ga ikon Allah.

A nan Vardø tun ƙarshen Nuwamba
rana ta yi mana sallama, sai Janairu.
Biyar na asuba da biyar na yamma
uwa ɗaya ta haife su.
Agogo ke ce min gari ya waye,
sai kuma ƙamshin gahawa in ta karye a maniƙa.

Ɓarza nake yi, kamar tsaki;
in ta yi laushi, rariya ba ta riƙe ta,
sai ka tauna laka a ƙasan kofi.
Cokali shida. Ruwa ya tafasa, na sauke,
na bar shi ya huce fushinsa.
Shekara talatin da ɗaya a ɗakin injin jirgin fito
sun koya min ba a ba mai tafarfasa aiki.

Na ɗauraye butar da ruwan zafi tukuna,
don ƙarfe mai sanyi ɓarawo ne.
Na zuba. Ta kumbura, ta yi ɓawo, ta yi numfashi.
Na rufe. Minti huɗu.

A nan ne nake kewar gilashi.
Da can ina ganin komai,
yadda ruwa ke rinewa,
yadda ɓarzar ke sauka ɗaya-ɗaya ba mai korar ta.
Yanzu fuskata kaɗai nake gani a jikin ƙarfe,
hanci ya baje, goshi ya tafi yawo.
Abin da ke ciki, sai dai in yarda da shi.

Tafi biyu na ɗora a kan sandar.
Abin mamaki, hannun nan mai rawa
in ya sami abin dannawa sai ya natsu.
Sannu, sannu,
kamar yadda muke shigar da jirgi tasha cikin hazo.

Kofi ɗaya nawa. Na biyu na Aili,
mai tuƙa motar share ƙanƙara.
Ta ce shida za ta biyo.
Shida ta yi, ta wuce.
Bakwai, iska ta taso daga teku tana jijjiga taga,
rediyo ya ce an rufe hanyar Vadsø.
Na taɓa butar. Sanyi ƙalau a waje,
ba ta faɗa min komai ba.
Na sake taɓawa. Na gyara kofin da ba a karkace yake ba.

Takwas da kwata, fitila mai ruwan lemo
ta lashi bango, ta lashi silin.
Ta shigo, girarta fari fat,
ta cire safar hannu da haƙori,
ba gaisuwa, ta zauna.

Na tsiyaya.
Tururi ya miƙe tsaye tsakaninmu.

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.
Eilif, ta ce, ta yi ɗaci.
Gaskiyarta. Awa uku a kan ɓarza,
Ragnfrid ma ta gargaɗe ni in riƙa juyewa.
Na miƙa hannu in karɓa in dafa sabuwa,
ta rungume kofin da yatsu goma,
ta ce, bar min kayana, da zafinta.

Ta shanye har ƙasa.
A waje injin motar na ta gurnani shi kaɗai,
saura mata unguwa biyu.