Taswira ta Huɗu

Na zo Bolari da takarda a naɗe,
na shimfiɗa ta kan benci, na danne da duwatsu.
Wata uku ina zana ta a ofis,
fanka na kaɗawa, ruwan sanyi kusa da hannu:
ga lilo, ga abin zamiya na ƙarfe,
ga maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya,
komai a jere kamar haƙoran mataji.

Bappa Manga mai walda bai ko tsuguna ba,
da haɓa ya nuna:
"'Yata, kin taɓa dafa ƙarfe a Gombe
da azahar, ana saura wata guda damina?
Wannan zamiyar taki tanda ce.
Masa za mu soya, ko yara?"
Aka yi dariya. Na taya su,
kunnuwana suna zafi cikin mayafi.

Adda Dudu ta ce, "Ina tsamiyar?"
Na ce nan ne ruwan zai riƙa tashi sama.
Ta yi min kallon da ake yi wa nonon da aka sirka.
"Famfonmu rabonsa da ɗigo tun auren Hansatu.
Ki sare inuwar da muke da ita
ki dasa ruwan da babu?"

Saratu Yila ba ta ɗaga murya ba.
Ta ajiye keken ɗanta a gefen benci,
ta ɗora yatsa kan ƙofar da na zana.
"Matakala uku," ta ce.
Ta sake cewa, "Uku."
Ban sami abin faɗa ba. Na nemi abin gogewa.

Daga nan sai magana ta tsinke kamar carbi.
Katanga, saboda masu adaidaita.
A'a, waya, don uwa ta hango ɗanta daga titi.
Wa zai share? Wa zai kori awaki?
Wani ya ce a sa kuɗin shiga,
mata suka taso masa, ya ce wasa yake.

Yaran kuwa ba wanda ya gayyace su.
Suna kan tsohon gini, ƙafafu na reto,
har Zuwaira ta diro da tsinken tsintsiya
ta ja layi a ƙasa, dab da takalmina.
Tudu suke so, na gangara taya.
Yashi mai laushi, na langa da 'yar gala-gala.
Wani lungu da manya ba sa gani.
(Manya suka ce ba su yarda ba.
Aka sasanta kan rabin lungu.)
Ƙaninta, majina har leɓe, ya ja min zane:
"Kar a share hanyar tururuwa.
Kullum muna rakiyarsu."

Na koma. Na zana ta biyu, suka ƙi.
Ta uku ruwan farko ya jiƙe ta a hanya,
ya kuma nuna min inda kwari ke bi,
daidai wurin da na sa lilo.

Ga ta huɗu. Ba layi ɗaya miƙaƙƙe.
Hanya ta karkace don tsamiya,
ta sake karkacewa don tururuwa.
Zamiya ta koma siminti, ta juya wa rana baya.
Ƙofa ta kwanta, ba matakala.
Akwai tabon manja a kusurwa, ban san na wa ba.
Akwatin da aka rubuta "wanda ya zana"
ya yi kaɗan, na bar shi haka.

Kuɗi ba su fito ba tukuna.
Takarda tana kan teburin wani, ƙarƙashin wata.
Amma jiya mun shata filin da toka,
yau da na biyo da la'asar
na tarar sun yi layi, su tara,
ɗan Saratu a gaba,
suna rigima kan wa zai fara hawa
lilon da ba a kafa ba.