Mako Takwas

Da asuba, a mayankar Sinnar,
wuƙar Usta Tijani ta shiga huhun bijimi
ta ce ƙaras, kamar haƙori ya ci karo da tsakuwa a tuwo.
Ya ɗago kai ya dube ni.
Na miƙa kwalba.

Ƙullutu ne rawaya, kamar cuku ya kwana biyu.
Na rubuta masa arba'in da bakwai,
na binne shi a ƙanƙara.

Kakana ya koro shanu daga yamma har bakin Nilu.
Ni garkena a bututun gilashi yake,
abincinsa ƙwai, ɗuminsa ɗumin jikin mutum,
ba ya kuka, ba ya neman mashaya.
Sai nawar tsiya.
Wasu ƙwayoyin kwana guda sun cika faranti,
wannan sai ta yi mako takwas tana shawara.

Arba'in da takwas ba daga mayanka ta zo ba.
Daga Maiwurno na ɗauko ta, a motar haya, a kan cinyata:
ruwan da aka zuƙo daga wuyan Kaltume,
'yar ƙanena, mai shekara shida,
wuya ya kumbura kamar ta haɗiyi goruba.
An yi tofi, an shafa man habbatus sauda,
an ce baki ne, an ce sanyin damina.
Ni ƙwaryar safe na tuna,
madara da ɗuminta daga hantsar Goshi,
da farin kumfa a leɓen yarinya.

A mako na uku aka ɗauke wuta.
Ni da Dakta Ishraga muka kwana gindin janareta,
muna auna mai da kofin jabana,
muna lallashin cuta kada ta mace mana.
Ta yi dariya har da hawaye, ta ce,
wa ya taɓa lulluɓe maƙiyinsa don kada ya ji sanyi?

Mako na bakwai, ranar Talata,
ɗigo-ɗigo suka fito, ko ƙwayar riɗi ta fi su.
Na shafa a gilashi, na zuba jan rini,
na wanke, na bi da shuɗi.
Komai ya saki jan.
Ita ta riƙe.
Sanduna sirara jajaye a cikin shuɗin,
kamar kwalekwalen masunta da almuru.
Arba'in da bakwai haka,
arba'in da takwas haka.
Gwaji na gaba ya faɗi asalinsu:
ta shanu ce, su duka biyun.

Na koma gida da reza da allura.
Na aske wuyan Goshi, na soka, na jira kwana uku.
Fata ta tashi a ƙarƙashin yatsana.
Na auna sau biyu ko ma'auni zai ji kunyata.

Baba Sabi'u ya ce, ai ba ta tari.
Dubi ƙibarta, Barira.
Uwarta ce ta shayar da ke da Inna ta kwanta.
Na ce, Baba, ɓarawon gida ba ya fasa katanga.
Ya kakkaɓe jallabiya ya fita.

Cikin dare na jiyo shi a turke,
yana yi mata magana ƙasa-ƙasa,
irin muryar da bai taɓa yi wa ɗayanmu ba.

Da safe shi da kansa ya hura wuta,
ya ɗora madarar sauran, ya tsaya har ta tafaso.
Turken Goshi ba kowa, sai igiya.
Ban tambaya ba.

Kaltume ta haɗiye ƙwayoyin ranar farko,
saura wata tara.
Ta kurɓi madara, ta yatsine fuska,
ta ce, Gwaggo, wannan warin hayaƙi take.
Na ce, shanye.

Motar Sinnar na ta hon a bakin kasuwa.
Usta Tijani ya aiko cewa
ya ajiye mini arba'in da tara.