Bayan an Kunna Fitilu

Ni ce mai shara a silimar da ke gindin tudu,
a Valparaíso, inda gidaje ke hawa kafaɗar juna
don su leƙi teku.
Ƙarfe uku saura na dare fim ya ƙare.
Na jingina tsintsiya da bango ina jira su fita.
Ba su fita ba.

Shekara goma sha tara ana jan su da labarin nan,
kashi goma sha huɗu,
na gwarzon da suke kira Mai Inuwa Biyu.
Ban taɓa zama na kalli ko ɗaya ba.
A bakin ƙofa nake tsayawa,
ta ƙeyar masu kallo na san shi.

Yau ya mutu, ko kuma bai mutu ba.
Ya dai ajiye abin rufe fuskarsa a kan dutse,
ya juya baya, allo ya yi baƙi ƙirin.
Sunaye suka shiga hawa kamar jerin tururuwa,
teloli, masu haske, masu dafa wa 'yan wasa abinci.
Ba wanda ya motsa.
An sabar musu da gyara a ƙarshen ciniki,
ɗan guntun hoto mai cewa da saura.
Sunaye suka ƙare. Babu gyara.
Eleuterio ya kunna fitilu.

Fermín, direban bas, shi ya fara miƙewa,
da alkyabbar da ya ɗinka da labulen falonsa,
ƙugiyoyin ma bai gama cirewa ba.
Ya ce, cuta ce! Ya ce, a biya shi shekarunsa!
Ya faɗa wa allo, allo bai tanka ba,
sai ya juyo ya faɗa mini.

Wani saurayi mai tabarau ya hau kan kujera
yana lissafi da yatsu:
inuwa ɗaya aka gani a kan dutsen, ɗaya tak,
to ina ɗayar?
Mutum shida suka kewaye shi
kamar masu jin ɗumi.
Na ce masa ya sauko, jiya aka wanke kujerar.

Maite da ƙanwarta sun fita ba sa magana.
Ɗaya ta ce ƙarshen ya yi,
ɗaya ta ce an raina musu hankali,
laima kuma guda ce, ga ruwa ana yi.

A layi na tara akwai Ignacia.
Na san ta tun ƙafarta ba ta taɓa ƙasa,
babanta na riƙe mata kofin lemo,
yana rufe mata ido in an zo wurin faɗa,
tana leƙe ta tsakanin yatsunsa.
Yau tikiti biyu ta saya.
Kujerar gefenta jakarta ce a kai.
Ba ta yi kuka irin na sauran ba,
ta dai zauna tana ninke tikitin,
ta warware, ta sake ninkewa.
Na share layi na takwas, na tsallaka na goma.

Da asuba ta matso na tara abin da suka bari:
gugguru buhu biyu da rabi,
safar hannu ta hagu, kwali mai siffar fuska
da roba ta tsinke masa a kunne,
da ɗan yaro yana barci a layin gaba,
wanda uwarsa ta dawo da gudu tana haki.
Ya farka ya ce, ya ci nasara?
Ta ce, tashi mu je.

Ƙarfe goma sha ɗaya za a sake haskawa.
Zai kuma ajiye fuskar a kan dutsen nan,
sau biyar kullum, har wata ya ƙare.

Na kulle ƙofa. Jirgin ruwa ya yi kuka a tasha.
Ƙafata na ciwo, tudun bai rage tsawo ba.
Tsakanin fitilun titi biyu na duba ƙasa,
sai ga inuwata biyu,
ɗaya ta yi gaba, ɗaya tana jan baya.
Na ce da su, ku taho, ni barci nake ji.