Rubutun Dorina

Barka ya jawo jirginsa gaɓa da hantsi,
shi da yaransa biyu, suna kwarfar ruwa da ƙwarya.
Na ajiye zarto, na durƙusa,
na zura hannu a ramin da ke gefen katako,
ya shige har wuyan hannu.
Ban tambaye shi wa ya yi ba.
Duk Bulangwa an san rubutun dorina.

Shekara talatin ina ɗinke abin da ta yaga.
Ta fi damina kawo mini ciniki,
amma ban taɓa yi mata na gode ba.
Wata rana mai jirgi ke kawo jirginsa,
wata rana Shari ke kawo shi a kife,
sai mu tsaya mu ƙirga takalma a bakin ruwa.

Ina dafa kwalta Nomau ya zo da wayarsa,
ya ce, Kawu, duba, Turawa ma suna da tasu.
Na goge ido na duba.
Ruwa ne ba gaɓa, ba kainuwa, ba tsibiri,
jirgi fari tas, iska na tura shi da zani,
ga wata halitta, baya baƙi, ciki fari,
kamar an yi wa giwar ruwa wankan tawada.
Ba ta nemi mutum ba.
Wutsiyar jirgin ta bi, inda ake juya shi,
ta kama, ta girgiza, ta saki, ta koma,
'yan'uwanta na kewaye suna kallo
kamar yaran da aka kai koyon sana'a.

Matar da ke ciki tana ihu da yarensu.
Ban ji kalma ɗaya ba, amma na gane duka.
Haka Barka ya yi jiya a mashigar Kofiya,
muryar mai ganin ƙasan jirginsa ya zama rariya
iri ɗaya ce ko'ina.

Nomau ya ce wai masana na gardama,
wasu sun ce wasa take, wasu sun ce haushi.
Na yi dariya har kwalta ta ɗiga mini a ƙafa.
Mu ma mun yi wannan gardamar a majalisa:
Alifa ya ce ɗanta take karewa,
Malam Jibo ya ce ƙarar inji ke hawa mata kai,
tsohuwa Falmata ta ce makiyayarta muka noma albasa.
Kowa da gaskiyarsa,
ita kuwa ba ta taɓa zuwa ta ba da bahasi ba.

Sai dai su, in ji Nomau, shan iska ya kai su.
Suna da akwatin kiran ceto,
jirgin sama ya zo ya tsince su kamar tsaba.
Barka banda ya ɗauko, kwali takwas, na bashi,
da buhun gero na wata mai takaba.
Ceton da ya samu gora ce da Ya Latifu.

Na yanka katako daidai bakin ramin,
na cusa tsumma, na bi da kwalta mai zafi,
ƙusa goma sha bakwai.
Ya ce jaka uku zai iya, sauran sai ranar kasuwa.
Na ce je ka.
Gobe da asuba ta nan zai sake bi,
kogin ba shi da wata ƙofar.

Tsohon katakon na jingine bayan rumfa
inda sauran suke, ba na sa su a wuta.
Guda ɗaya ne na yi ƙyauren shago da shi,
na jirgin ƙanena Tanimu.
Rami biyu ne a jikinsa, ban toshe ba.
Kullum in rana ta fito daga wajen Cadi
ta nan take fara shigowa,
ta sauka a kan zarto.